Taurari biyar a intanet: har ina za su kai ka wajen zaɓen wanda zai duba lafiyar ƙwaƙwalwarka?

Mutum ne ya kwashe wata uku bacci ba ya zuwa, ƙirji na bugawa ba dalili, abin da yake so a da duk ya fita kansa, daga ƙarshe dai ya yarda yana buƙatar ganin ƙwararre. Ya ɗau waya ƙarfe biyun dare ya shiga Google. Sunaye biyu suka fito masa a sama, na farko taurari 4.9 cikin biyar daga mutum tamanin da suka ba shi maki, na biyu kuma mutum uku ne kacal suka ce wani abu a kansa, ɗaya daga ciki ma tauraro ɗaya ya ba shi ya rubuta "wannan mutumin ba ya saurare, ɓata lokaci ne kawai". Kusan kowa a wannan halin na farkon zai danna. Haka muka saba yi in za mu sayi waya ko mu kama ɗakin otal, kuma yawanci ba mu cika yin asara ba.

Abin ya ƙara ɗaukar hankali ne tun da aka kafa sabbin dokoki kan tsokacin bogi, wato yabo ko kushen ƙarya da ake rubutawa a intanet, Amurka a watan Oktoban 2024, Birtaniya kuma a Afrilun 2025, har wasu suka ɗauka shikenan yanzu duk abin da ka gani a ƙarƙashin sunan mutum gaskiya ne a yarda da shi. Toh a harkar lafiyar ƙwaƙwalwa maganar ta fi haka sarƙaƙiya, dan ko da kowane tsokaci na gaske ne, akwai abin da zai iya faɗa maka akwai wanda ba shi da ikon faɗa.

## Su wa ake nufi, kuma wane tsokaci

Ana yawan yi wa masu wannan aikin kuɗin goro alhali ba ɗaya suke ba. Likitan ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya yi karatun likitanci tukuna sannan ya ƙware a wannan ɓangaren, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuma ba likitan jiki ba ne, aikinsa gwaji da jinya ta hanyar zama a tattauna bisa tsari. Sai masu ba da shawara da ma'aikatan jin daɗin jama'a da suka samu horo kan irin wannan zaman. Dan sauƙin magana a nan za a riƙa cewa "ƙwararre" a kan duk wanda ake zama da shi ana jinya ta hanyar magana, wanda yake zuwa wajensa kuma "majinyaci".

Bambancin yana da amfani sabida ba kowane suna ne doka ke karewa ba. A Birtaniya misali, mutum ba zai kira kansa masanin halayya na asibiti ba sai yana cikin rajistar HCPC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ma'aikatan lafiya, amma sunan mai ba da shawara ko mai jinya da magana kowa zai iya liƙa wa kansa, rajistar ƙungiyoyin masu wannan sana'ar irin su BACP ta ganin dama ce. Kenan mutum zai iya tara taurari ɗari ba tare da wata hukuma tana sa ido a kansa ba.

Shi ma tsokacin kala-kala ne. Akwai wanda ƙwararren ya zaɓo da hannunsa ya ɗora a shafinsa, wannan talla ce, ba wanda zai zaɓo zagin kansa ya manna. Akwai na buɗaɗɗun wurare irin Google da Facebook inda duk mai asusu zai iya rubutawa ko bai taɓa taka ƙofar ofishin ba. Akwai kuma na manhajojin da ake kama lokacin ganin likita ta cikinsu, waɗanda sai ka yi zaman sannan su turo maka tambaya. Na ƙarshen nan ya fi ƙarfi ta fuskar tabbatar da cewa mutumin ya je ɗin, amma manhajar ita ma kasuwa take ci, tana so ka kama lokaci.

## Me ya sa bai zama kamar sayen waya ba

Masana tattalin arziki sun daɗe da raba kaya gida uku. Phillip Nelson a 1970 ya bambanta kayan da za ka iya tantancewa kafin ka biya, kamar launin riga, da wanda sai ka yi amfani da shi za ka san ingancinsa, kamar ɗakin otal. Sai Michael Darby da Edi Karni suka zo a 1973 suka ƙara na uku, kayan da ko bayan ka karɓa ka biya ba lallai ka iya sanin an yi maka daidai ba, sai dai ka yarda kawai. Gyaran mota na ciki, aikin lauya na ciki, jinya kuwa ita ce kan gaba.

Tsokaci ya fi aiki a rukuni na biyu. Wanda ya kwana a otal ya san ko fanka na aiki, shaidarsa ta wadatar. Wanda ya yi zama shida da ƙwararre kuma ya ji sauƙi, bai san ko zaman ne ya yi aiki ba, ko maganin da ya fara sha a lokaci guda, ko kuwa matsalar da ta tayar masa da hankali ce ta wuce da kanta. Mutane sun fi neman taimako lokacin da abu ya kai maƙura, kuma daga maƙura yawanci saukowa ake yi ko da wa ka gani. Wanda bai ji sauƙi ba shi ma bai san yadda zai kasance da bai je ba gaba ɗaya.

Sannan waya ɗaya ce kamfani ya buga guda miliyan, wacce na saya irin taka ce sak. Zaman jinya kuwa ba a maimaita shi, mutum biyu ne ke haɗuwa su gina shi, wanda ya dace da mai fama da rasuwar mahaifi ba lallai ya dace da mai fama da shaye-shaye ba.

## Bakin da aka ɗaure

Wannan ɓangaren ne mafi yawan masu nema ba su sani ba, kuma shi ke juya ma'anar lambobin da ake gani.

Ƙa'idojin aiki na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, a sashe na 5.05, sun hana mamba roƙon shaidar yabo daga majinyacin da yake kan dubawa ko duk wanda halin da yake ciki zai sa a iya juya shi cikin sauƙi. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasar, ACA, a ƙa'idojinta na 2014 ta ƙara har da tsoffin majinyata. Ostireliya ta wuce nan, sashe na 133 na dokar ma'aikatan lafiyarta ya haramta amfani da shaidar majinyata wajen tallan aikin lafiya, masana halayya ma suna ƙarƙashin dokar. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya faɗa maka abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba, in ka ce masa "dan Allah in ka samu lokaci ka ɗan rubuta min wani abu a Google", da wane baki zai ce a'a? Zai rubuta ko dan kunya, ko dan tsoron kar zaman gaba ya canza, kuma da ya rubuta ya sanar wa duniya cewa yana jinya.

Kaga kenan ƙwararren da ke bin ƙa'ida sau da ƙafa zai iya shekara ashirin yana aiki mai kyau shafinsa na nan fayau, tsokaci biyu ko uku. Wanda ke da tamanin kuma, ƙila babbar cibiya ce mai ma'aikata da yawa, ƙila manhaja ce ke tura wa kowa tambaya kai tsaye, ƙila kuma roƙa yake yi. Yawan bai isa ya zama laifi ba, amma ruwa ba ya tsami banza, ya kamata a tambayi daga ina suka fito.

Ɗaya gefen kuma shi ne martani. Mai otal in aka ce ɗakinsa da datti zai fito ya ce ƙarya ne ga hoto. Ƙwararre ba shi da wannan damar, sabida ko cewa "eh na san shi, ya zo wajena" tona sirri ne. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 ce ke kula da wannan, kuma an hukunta mutane a kai, a 2023 wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa a jihar New Jersey ta biya dala 30,000 bayan ta mayar da martani ga tsokacin majinyata a Google ta hanyar fito da bayanan jinyarsu. Dan haka in ka ga zargi mai zafi a ƙarƙashin sunan ƙwararre ba amsa, ko ka ga amsa mai sanyi irin "ba ma iya magana kan kowa a nan, amma ƙofarmu a buɗe take ga mai ƙorafi", kar ka ɗauka ya amsa laifi ne, hannunsa ne a ɗaure. Wanda ya kamata ya ba ka tsoro shi ne wanda ya fito ya kare kansa dalla-dalla, ya ce ai ke ce kika ƙi shan magani, ai sau uku kika fasa zuwa. Wannan ya nuna maka da kansa yadda zai yi da naka sirrin ranar da kuka saɓa. A nan kam tsokaci ya yi amfani sosai, sai dai amfanin daga amsar ya fito.

## Su wa ke zama su rubuta

Masu nazarin kasuwancin intanet, irin su Nan Hu da Paul Pavlou da abokin aikinsu a 2009, sun nuna cewa taurari ba sa rabuwa daidai, biyar ne ke yin tsiri, sai ɗaya ya ɗan biyo baya, tsakiya kuma kusan wayam. Wanda abu ya burge ƙwarai da wanda ransa ya ɓaci ƙwarai su ke da kuzarin rubutu, mai cewa "ba laifi dai" wucewarsa yake yi.

A lafiyar ƙwaƙwalwa akwai ƙarin matata a kan wannan. Da yawa daga waɗanda suka samu sauƙi na gaske ba sa son sunansu ya fito kusa da kalmar jinya, ga tsangwama, ga wajen aiki, ga dangi, sun gwammace su rufe babin su ci gaba da rayuwa. Sannan akwai masu barin jinya a tsakiya, wani babban nazari da Joshua Swift da Roger Greenberg suka fitar a 2012, wanda ya tattara bincike 669, ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar na daina zuwa kafin a kammala. Yawancin waɗannan shiru suke ɓacewa, ba yabo ba zagi, alhali labarinsu ne mai nema ya fi buƙatar ji.

Wani abin kuma, nau'in mutanen da ƙwararre ke karɓa yana shafar taurarinsa. Wanda ke aiki da ma'auratan da ke gab da rabuwa, ko wanda kotu ke turo masa mutane ya rubuta rahoto kan riƙon yara, ko mai duba masu shaye-shayen da iyali suka tilasta musu zuwa, dole wani ya fita ransa a ɓace ko da ya yi aikinsa daidai. Wanda ya zaɓi masu ƙaramar damuwa kawai zai fi shi kyan lamba. In aka bi taurari ido rufe, masu ɗaukar aiki mai wuya ne za a hukunta.

## Jin daɗin zama da samun sauƙi

Ɗauki mai fama da waswasi, irin wanda zai kulle ƙofa ya koma ya duba sau goma sha biyar kafin ya iya kwanciya. Jinyar da bincike ya fi goyon baya a wannan ciwon ita ce a riƙa sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro sannu a hankali kuma a hana shi yin abin da ya saba yi dan ya samu natsuwa, ma'ana ya kulle sau ɗaya ya tafi ya zauna da fargabar har ta sauka da kanta. Ba daɗi ko kaɗan. A satin farko zai iya jin kamar mugunta ake masa, in ya rubuta tsokaci a ranar zai ce mutumin nan ba shi da tausayi, na tambaye shi ko ƙofar ta kullu ya ƙi ba ni amsa. Wani ƙwararren kuma zai zauna da shi shekara biyu yana kwantar masa da hankali kullum, "kar ka damu ta kullu", majinyacin ya fita da murmushi ya ba da taurari biyar da zuciya ɗaya, waswasin kuma yana nan daram, ƙila ma ya ƙaru dan neman tabbaci daga wani shi ma ɓangaren ciwon ne.

Duka biyun ba wanda ya yi ƙarya, kowa ya faɗi abin da ya ji. Matsalar ita ce abin da aka auna gamsuwa ce, mai karatu kuma warkewa yake nema. Ko a jinyar jiki an ga wannan gibin, wani bincike da Joshua Fenton ya jagoranta a Amurka a 2012 kan manya kusan 52,000 ya samu cewa waɗanda suka fi nuna gamsuwa da likitocinsu sun fi kashe kuɗi kan magani da kwanciya asibiti, har adadin mutuwa ya fi yawa a cikinsu. An yi ta muhawara kan fassarar sakamakon, kuma bai nuna gamsuwa ce ke jawo hakan ba, amma ya isa ya nuna abubuwa biyun ba tagwaye ba ne.

Lokacin rubutun ma abin dubawa ne. Tsokaci da yawa bayan zama na farko ko na biyu ake yin su, lokacin da mutum ke jin sanyin samun wanda ya saurare shi a karon farko. Wannan sanyin na gaske ne, amma bai gaya maka abin da ya faru a wata na huɗu ba.

## Hujjar masu cewa a saurari majinyata

Duk da haka waɗanda ke kare tsokaci ba da hannu wofi suka zo ba, hujjarsu ma daga binciken fannin take.

Na farko, abin da majinyaci ke ji game da alaƙarsa da ƙwararre yana da nasaba da sakamako. Edward Bordin a 1979 ya fasalta wannan alaƙar da abu uku, yarda kan inda aka dosa, yarda kan hanyar da za a bi, da kuma shaƙuwa da aminci tsakanin su biyun. A 2018 Christoph Flückiger da abokan aikinsa suka haɗa bincike 295 da suka shafi majinyata sama da 30,000, suka samu cewa inda alaƙar ta fi ƙarfi sakamako ya fi kyau, ko wace irin hanyar jinya aka bi. Tasirin matsakaici ne, bai kai ya bayyana komai ba, amma yana cikin abubuwan da suka fi maimaituwa a binciken. Kenan in mutum goma da ba su san juna ba suka ce "yana katse ni in ina magana, yana duba waya", ba ƙaramar magana suka faɗa ba.

Na biyu, su kansu ƙwararrun ba su iya auna kansu ba. Steven Walfish da abokansa sun tambayi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 129 a wani bincike da ya fito a 2012 su kwatanta kansu da takwarorinsu, kashi 25 cikin ɗari suka sa kansu a cikin kashi goman da suka fi kowa iya aiki, kuma ba ko ɗaya da ya ce shi ƙasa da matsakaici yake. Wani binciken na 2005 daga tawagar Michael Lambert ya fi wannan tayar da hankali, cikin majinyata 550 mutum 40 ne halinsu ya ƙara taɓarɓarewa, ƙwararrun kuma mutum uku kacal suka yi hasashen za su taɓarɓare, a cikin ukun ma ɗaya ne hasashen ya faɗa daidai. Shekarun aiki ma ba garanti ba ne, nazarin Simon Goldberg na 2016 kan ƙwararru 170 da majinyata sama da 6,500 bai samu sakamako na ƙaruwa da daɗewa a aiki ba. Toh in takardar shaida da furfura da bakin mai aikin duk ba su wadatar ba, masu wannan ra'ayin suka ce da wane dalili za a toshe bakin wanda aka yi aikin a kansa? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku shi ne batun ƙarfi. Zaman jinya a rufe ake yin sa, mutum biyu, ba shaida, ɗaya na cikin rauni. In ƙwararre na wuce iyaka, yana turo saƙon da bai dace ba da dare, yana neman alaƙar da ta wuce ta aiki, yana cusa ra'ayinsa na siyasa ko na addini, yana ba da labarin wasu majinyatan, hanyar kai ƙara ga hukuma doguwa ce kuma da yawa ba su san da ita ba. Wani lokacin tsokacin mutum ɗaya ne ke sa na biyu da na uku su gane ba su kaɗai ba ne.

In aka ajiye hujjojin biyu kusa da juna za a ga ba kan abu ɗaya suke jayayya ba. Masu shakka suna magana ne kan lambar, wato 4.9 ko 3.2, a matsayin ma'aunin iya aiki. Masu karewa kuma suna magana ne kan abin da aka rubuta a ciki, halayyar da mutum ya gani da idonsa. Majinyaci shaida ne mai ƙarfi kan ko ana fara zama a kan lokaci, ko an yi masa bayanin kuɗi tun farko, ko an tuna abin da ya faɗa satin da ya wuce, ko an girmama imaninsa. Kan ko hanyar jinyar da aka zaɓa ita ce daidai da ciwonsa kuwa, shaidarsa ba ta da wannan ƙarfin.

## Abin da sabbin dokokin suka gyara

Dokar hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, da ta fara aiki ranar 21 ga Oktoban 2024 ta haramta rubuta ko sayen tsokacin bogi, har da wanda aka sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, ta hana biyan mutum da sharaɗin ya yaba ko ya kushe, ta hana ma'aikatan kamfani yabon kamfaninsu ba tare da sun bayyana alaƙarsu ba, ta kuma hana tsoratar da mai ƙorafi dan ya goge abin da ya rubuta. Tarar a lokacin ta kai dala 51,744 kan kowane laifi. A Birtaniya kuma, kan irin wannan laifin, hukumar sa ido kan kasuwanni, CMA, na iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya.

Wannan zai rage ƙarya a inda dokokin ke aiki. Bai taɓa sauran matsalolin ba ko kaɗan, wanda ya warke ya yi shiru yana nan shiru, ƙwararre har yanzu ba zai iya amsawa ba, gamsuwa kuma ba ta koma warkewa ba.

## Ma'aunin da ake ƙoƙarin kawowa

Akwai wata hanyar sauraren majinyata da ta fi taurari tsari. A Ingila shirin jinya ta magana na hukumar lafiya NHS, wanda aka fara a 2008, yana sa majinyaci ya cike gajerun tambayoyi a kowane zama, PHQ-9 mai tambaya tara kan ciwon damuwa da GAD-7 mai tambaya bakwai kan fargaba, abubuwa irin kwana nawa cikin sati biyun nan ka kasa bacci, kwana nawa ka ji ba ka sha'awar komai. Ana tara makin a ga ko yana sauka, ana kuma wallafa sakamakon kowace cibiya, da burin rabin waɗanda suka yi jinya su kai matakin farfaɗowa. Muryar majinyaci ce dai har yanzu, bambancin shi ne kowa ake tambaya, tambaya iri ɗaya, kafin da bayan.

A 2021 Michael Constantino da tawagarsa suka gwada wani abu a Amurka, suka duba tarihin sakamakon kowane ƙwararre suka gano inda ya fi ƙarfi, sai suka riƙa haɗa majinyaci da wanda ya ƙware a irin matsalarsa. Waɗanda aka haɗa ta haka sun fi samun sauƙi kan waɗanda aka raba yadda aka saba. Abin lura a nan shi ne ƙwararre ɗaya kan iya zama gwani a fargaba ya zama matsakaici a shaye-shaye, lamba ɗaya tilo a ƙarƙashin sunansa ba za ta taɓa nuna wannan ba.

## Yadda abin ke sauka kan mai nema

Ga wanda ke riƙe da waya yana neman inda zai dosa, tsarin da ya fi ma'ana shi ne rajista tukuna, a duba ko sunan mutumin na cikin kundin hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarsa, wasu hukumomin ma suna wallafa hukuncin ladabtarwa a fili. Bayan nan sai a karanta tsokacin, a bar lambar a shiga cikin rubutun, ana neman abin da ya maimaitu daga bakuna daban-daban a lokuta daban-daban. Yabo goma da suka sauka cikin sati ɗaya da kalmomi masu kama da juna ba su kai ƙorafi uku da suka zo cikin shekara biyu duk suna ambaton abu ɗaya nauyi ba. Alkawarin warkarwa cikin zama kaza, ko "ya canza min rayuwa a rana ɗaya", ya fi kama da talla.

Sauran aikin a zaman farko yake. Mutum na da damar tambaya kai tsaye, ka taɓa aiki da masu irin matsalata, wace hanya kake bi kuma me ya sa, ta yaya za mu san ana ci gaba, in ba a ci gaba fa me za mu yi. Yadda ya karɓi tambayoyin zai nuna kamun ludayinsa fiye da shaidar baƙi. Daga nan jiki magayi, in an yi zama da dama bacci bai gyaru ba, makin tambayoyin bai motsa ba, kuma an faɗa masa bai canza komai ba, sauya ƙwararre abu ne da aka saba a fannin.

Duk wannan yana ɗauka akwai zaɓi, a wurare da yawa kuma babu. Alƙaluman hukumar lafiya ta duniya na 2020 sun nuna ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ne ga kowane mutum 100,000 a matsakaicin duniya, ƙasashe masu arziki sama da 60, matalauta kuma ƙasa da biyu. Inda ƙwararre ɗaya ne ke duba yanki guda, tsokaci mai zafi guda ɗaya zai iya sa mai tsananin buƙata ya fasa zuwa gaba ɗaya, ba wai ya koma wajen wani ba.

Shi kuma mai niyyar rubutawa, akwai abin da ya shafe shi shi kaɗai. Tsokaci a Google da sunan asusunka yake fita, sau da yawa har da hoto, kuma mai neman sunanka bayan shekara biyar, ko mai ɗaukar aiki ne ko wanin sa, zai iya cin karo da shi. Sirrin da doka ta tilasta wa ƙwararren ya riƙe, kai ba ta hana ka fasa shi ba, kuma ko ka goge daga baya wani ya riga ya ɗau hoton allo. In abin da ya faru ya kai cin zarafi ko tona sirri, takardar ƙorafi zuwa hukumar lasisi ita ke iya kaiwa ga bincike da dakatarwa, tauraro ɗaya kuwa iyakarsa ya rage 4.9 ya koma 4.8.